Hannun Tening Fay

Duk wanda aka haifa a Mbelan tun daga shekarar da fari suka cinye mana gero har zuwa bara, in ka gan shi yana tafiya a miƙe, to hannun matata ne ya miƙar da shi. Sunanta Tening Fay. Ni ne mijinta, Latir Juf, kuma gara in faɗa da bakina kafin wani ɗan neman magana ya riga ni: a garin nan Zaki ake ce mini. Za ku ji dalili, kada ku yi gaggawar dariya, akwai wurinta a gaba.

Sana'ar Tening tausar jarirai ce. Ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, ganin jini ma ba ta so. Sai cibiya ta faɗi ake aiko mata. Ta zo da man kaɗanya a ɗan ƙoƙo, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da jariri a kan ƙwaurinta. Ta murza kai, ta bi wuya, ta ja hannu ta haɗa shi da ɗan'uwansa ta baya, ta kama ƙafafu ta ɗaga yaro kai a ƙasa. Yaro na tsala ihu, uwa ta runtse ido tana salati, ita kuwa Tening ko a jikinta, waƙarta kawai take yi ta hanci. In ta gama, yaro ya yi barcin da uwarsa za ta samu ta yi wanka, ta ci dambu, har ta taɓa gulma. A wajen uwarta ta koya, uwar kuma a wajen tata uwar.

Ranar da na fara ganinta a kwance nake a fagen kokawa, wani ƙato ya maka ni da ƙasa kafaɗata ta goce. 'Yan mata duk suna can wajen wanda ya yi kaye suna tafi, ita kaɗai ta zo ta tsuguna, ta kama hannun ta fizga, ƙashi ya koma. Na yi ihun da har makaɗa suka tsaya. Ta ce, "Jarirai sun fi ka haƙuri." Na bi ta har gidansu a ƙauyen gaba. Na daɗe ina gaya wa mutane kyawuna ta gani. Ita cewa take yi ta ga mutumin da kullum zai buƙaci gyara, kuma ba ta son zaman banza. Juf da Fay dai abokan wasa ne tun kakanni, ni kuma na je na auro abokiyar wasa, kun ga ba ni da wurin kai ƙara.

'Ya'ya uku Allah ya ba mu, ya karɓi biyu, duka maza, duka da damina, duka zazzaɓi. Wannan ba na wasa da shi. Dibor ce ta rage mana. Ta yi aure a Kawlak, ta daɗe ba ta ga ɗa a hannunta ba, in ciki ya shiga sai ya zube. Tun daga nan addu'ar Tening ta zama guda ɗaya, a fili take yin ta ba ta jin kunyar kowa: "Ya Allah, na tausa 'ya'yan kowa. Ka bar mini hannuna in tausa na Dibor, bayan nan ka karɓi abinka." Nakan ce mata, "Fay, ba a ciniki da Allah." Ta ce, "Juf, kai da wa ka taɓa gama ciniki lafiya?"

Yanzu batun Zaki. Rafin da ke bayan garinmu ba ya ƙafewa, saboda haka sauronmu ba ya zuwa hutu, rani da damina yana bakin aiki. Wasu garuruwan an san su da gishiri, wasu da waliyyi, mu da sauro aka san mu, har labarinmu ya kai Dakar. Ba mu daɗe da binne yaronmu na biyu ba sai ga likitoci sun zo sun gina ɗakuna kusa da kukar kasuwa, da firjinsu da komai. Suka ce za su riƙa duba mu kyauta, mu kuma mu riƙa ba su ɗan jini suna nazari. Kowace safiya ma'aikaciyarsu, Madam Sanya, takan bi gida-gida tana tambayar wa jikinsa ya yi zafi, ta soka wa mutum ma'aunin zafin jiki a hammata. Shugabansu Dokta Kan ne, Bafulatanin Futa, dogo siriri, kuma ba sai na faɗa muku irin wasan da ke tsakaninsu da mu ƙabilar Serer ba. Shi ya ce mini bawansa, ni in ce masa ɓarawon nono, a haka muka tsufa.

Shi ya jawo duk abin da ya biyo baya. Wata rana ya tara mu a gindin kuka ya ce:

"Ku saurara, bayina, zan yi magana a hankali don na san kawunanku. Duk sanda cuta ta shiga jikin mutum, jiki yakan horar da wasu sojoji a cikin jini waɗanda suka gane fuskarta. In ta sake dawowa, su tare ta tun daga ƙofa. Yaro ƙarami bai tara su ba tukuna, shi ya sa zazzaɓi ke kayar da shi. Babba da sauro ya daɗe yana ci yana da su. Amma na wani sun fi na wani. A garin nan akwai mutum ɗaya da ban taɓa ganin sojoji irin nasa ba. Muna nazarinsu, ko Allah zai sa wata rana abin da muka koya ya taimaka a yi rigakafi."

Mbanyik Saar, maƙwabcina, wanda ya taɓa cin kyautar bijimi a kokawa kuma bai bar kowa ya manta ba, ya ce, "Wane ne?"

Dokta ya ce, "Ba ma faɗar suna."

Kai! Ka ce wa mazan Serer akwai gwani ɗaya a cikinsu, sannan ka ƙi faɗar sunansa? Ai gara ka cinna wa rumbu wuta. Kafin la'asar kowa ya gano cewa shi ne.

Ni kuwa ina da hujja. Daga wannan watan motar likitoci ta fara tsayawa a ƙofar gidana, ba kuma huda yatsa irin na kowa ba, da manyan kwalabe suke zuwa. Ku tuna ni mutum ne da ya gama kokawarsa bai taɓa kai bayan kowa ƙasa ba. Nawa bayan kuwa ya san ƙasar kowane fage daga nan har Fatik, akwai ma waƙar da 'yan mata suka yi mini, ba zan maimaita ta ba. To mutum irin wannan ya ga mota a ƙofarsa, kuna jin zai tsaya tambaya? Tun kafin su sauko na nannaɗe hannun riga. Madam Sanya ta dubi Dokta, Dokta ya dubi sama, ta ɗebi nawa a 'yar ƙaramar kwalba. Sannan Dokta ya ce, "Tunda mun zo, bari mu taɓa na uwargida ma." Sai su shiga ɗaki da Tening su cika manyan kwalaben, tana kawar da kai. Na yi wa jama'a bayanin wannan a dandali: jinin mace tsinkakke ne, sai an tara da yawa ake ganin wani abu a ciki, nawa kuwa ɗigo ya isa. Mbanyik ne ya fara ce mini Zaki, da gatse. Ni ban ji gatsen ba, na amsa, suna ya zauna.

Sauran maza ba su sallama ba, sai gari ya shiga gyaran jini. Jinin nan fa har Dakar ake kai shi, har ƙasar Turawa, ba ka san wa zai buɗe kwalbarka ba. Yaya za ka aika shi haka nan ba shiri, a ɗaga a ce ga jinin mutumin Mbelan ya koɗe? Saboda haka jajiberin ranar ɗiba kowane magidanci sai ya sha zoɓo har haƙoransa su yi ja, ya ci hanta in ya samu, da safe ya sa rigar Sallah ya je ya miƙa hannu. Mahauci ya daina sayar da hanta sai ga wanda ya sani. Dokta ya yi magana har ya gaji, wai zoɓo ba ya ƙara soja ko ɗaya. Muka ce ai Bafulatani ne, so yake a koma shan nono. A gidana kuwa hanta ta zama tawa ni kaɗai, ta kaza, ta akuya, ta ragon layya. Tening takan soya ta da albasa ta dire mini, ta ce, "Ci, Juf, sojoji na jira."

Matsala ɗaya ce. Zaki ba ya zazzaɓi, ni kuwa ina yi, kowace damina, irin mai kaɗa haƙora. Sauran masu neman sunan su ma suna yi. Sai muka samo dabara: da sassafe ka jiƙa tsumma da ruwan randa ka matse a hammata, in ka ji sallamar Madam Sanya ka zare. In abin ya fi ƙarfin tsumma, ka zagaya bayan rumbu a ce ka tafi gona. Damina guda aka wayi gari mazan Mbelan duk sun daina zazzaɓi, mata da yara kaɗai ke yi. Dokta ya yi murna, saura kaɗan ya aika wa duniya labari, sai ya ce bari ya bi Madam Sanya ya gani da idonsa. Ya ɗaga hannuna, ruwa ya gangaro har ƙugu. Ya ce, "Bawana, kai kifi ne?" Na ce zufa ce. Ya ce, "Zufa mai sanyi, ta hammata ɗaya?" Tun daga ranar a baki ake sa mana ma'auni, a tsaya a kanmu kamar yara. Ita kuwa Tening ban taɓa ganin zazzaɓi ya kwantar da ita ba, ko sau ɗaya. Na ɗauki wannan taurin kai ne irin na Fay.

Shekaru suka tafi. Gidan sauro ya zo, sababbin magunguna suka zo, damina ta daina kwashe mana yara. Duk tsiyar da nake yi wa Dokta Kan, shekarar da aka gama damina ba a haƙa ƙaramin kabari ko ɗaya ba, na je na riƙe hannunsa na ƙi saki. Ya ce, "Sake ni, za ka shafa mini ƙarnin kifi," amma shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Ciwon Tening da lokacin sanyi ya fara. Ta tashi da safe yatsu sun ƙage, sai rana ta ɗaga suke sakewa. Gaɓoɓin suka kumbura, daga baya gwiwoyi ma suka kama. Ɗaurin zane ya gagare ta sai da taimakon haƙori. Wata safiya ƙoƙon mai ya suɓuce mata a gidan mai jego, ta dawo ba ta ce komai ba, da aka sake aikowa ta ce a ce ba ta nan. Mun yi abin da ake yi. Malam ya yi rubutu, an zuba nono da gero a gindin bishiyar kakanni, ni kuma na ba da nawa ra'ayin na masani, cewa jininta ne ya yi rauni, da ma na sha faɗa. Dokta ya ɗebi jinin ya aika Dakar ya ce a jira.

Ana cikin jira Dibor ta bugo waya. Ciki ya zauna, ya wuce watannin da sauran suke zubewa, za ta zo gida haihuwa bayan an cire gyaɗa. Tening ta rangaɗa guɗa, ta taka rawa a tsakar gida da gwiwoyin nan nata har kaji suka watse. Sai ta tsaya cak ta dubi hannuwanta. Ta zagaya bayan ɗaki. Tunda nake da ita, in ban da ranakun da muka binne yaranmu, ban taɓa jin kukanta ba sai ranar. Na tsaya da wayar a hannu, hankalina ya tashi ƙwarai, na rasa inda zan sa kaina.

Amma Zaki ba ya rasa dabara. Da Dokta ya aiko cewa sakamako ya dawo, tun jajiberi na sha zoɓo har cikina na ƙugi, na ci hanta, da safe na sa rigar Sallah na ɗora Tening a keken doki muka tafi. Dokta, wanda kansa ya yi fari fat zuwa lokacin, ya ba mu kujeru, bai kuma ce mini bawansa ba. Nan na sha jinin jikina.

Ya ce, "Tening, mun ga abin da ke damunki. Sojojinki ne."

Na ce, "Ai na faɗa! Sun yi kaɗan." Na nannaɗe riga na ɗora hannuna a teburinsa. "Ɗebi, Kan. Ɗebi yadda kake so ka zuba mata. Kada ka ji tausayina, zan tara wani."

Ya ce, "Latir, sauke hannunka. Ba kaɗan suka yi ba, rikicewa suka yi. Sun daina bambance baƙo da ɗan gida. Yanzu gaɓoɓinta suke yaƙa, su suke gani abokan gaba. Yana samun mutane a ko'ina, ya fi kama mata. Dalilin da ya sa ya same ta kuwa, wallahi ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na sani ba."

Na ce, "To ai shi ke nan, a zuba nawa su je su tsawata musu. Ba kai ka ce ba ka taɓa ganin irinsu ba?"

Dokta ya cire tabarau ya goge. Ya dubi Tening. Ya ce, "Wannan ba ni ke da ikon faɗa ba."

Tening ta ce, "Faɗa masa, Kan. Na gaji, kuma yanzu hannuna ba ya iya yanka albasa."

Ya ce, "Mutumin da na ambata a gindin kuka, ga shi nan zaune kusa da kai. Saboda ita motar take zuwa. Naka muna ɗiba ne don in ba mu ɗiba ba, ba za ka matsa daga ƙofa ba."

"To nawan fa? Me kuka gani a ciki?"

"Jini. Lafiyayye, irin na kowa. Zoɓo dai bai ɓata shi ba."

Jama'a, na sha kaye a gaban 'yan mata da makaɗa, amma ban taɓa jin ƙasa ta yi mini tauri irin na ranar ba, alhali a kujera nake. Na juya wajen Tening na ce, "Kin sani?"

"Tun ranar farko. Ai sai da suka nemi yardata."

"Shi ne kika bar ni ina yawo a gari ana ce mini Zaki?"

"Juf, mutumin da bai taɓa kayar da ko ɗan akuya ba, in ya samu abin da zai ɗaga kai da shi, ni ce zan ƙwace? Me zan yi da suna, miya zan kaɗa da shi?"

"Hantar fa? Duk hantar nan, ashe ke ya kamata ki ci!"

"Ni ban taɓa son hanta ba, ɗaci take yi mini. Da ba ka ci, da kare zan ba."

Dokta ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Allah ya isa tsakanina da ɓarawon nonon nan.

Da ya gama tarinsa ya koma kan maganar da ta kawo mu. Akwai magani, amma aikinsa shi ne ya sa sojojin nan barci. In sun yi barci gaɓoɓi za su huta, kumburi ya sauka, wataƙila yatsu su dawo duka, wataƙila rabi. Sai dai wanda sojojinsa ke barci kowace cuta tana iya shigo masa, ga damina ta ƙarato, ga sauronmu. Kuma maganin ba ya sauri, sai an yi watanni.

Tening abu ɗaya ta tambaya: "Kafin a cire gyaɗa zai yi aiki?"

Ya ce, "Ina fata. Ban yi alkawari ba."

Ta ce, "Kawo."

A hanyar gida na yi shiru har doki ya waiwayo ya duba ko na faɗi. Can na ce zan je dandali in gaya wa maza gaskiya, a mayar wa mai suna sunanta. Ta ce, "Ka bar abinka, ka saba da shi. Jinina ne, ni ke da maganarsa, kuma na ce a yi shiru." Na ce to.

Ta fara shan magani. Na rataya mata sabon gidan sauro, na zama mai gadi, tun la'asar ina zagaya ta da mafici. Kumburi ya fara sauka. Ranar da ta ɗaura zane da kanta ta fito tana taƙama kamar amarya. Sai tsakiyar damina wani sauro ɗan banza ya samu ƙofa. Zazzaɓi ya kayar da Tening Fay, karo na farko tun tana yarinya.

Wayyo, ku zo ku ga raki! Matar da ke ɗaga jarirai kai a ƙasa ta ce a kira liman, a kira Dibor, ta fara rabon tukwanenta. Tana kaɗa haƙora ta ce, "Juf, mutuwa zan yi." Na ce, "Ba za ki mutu ba. Yanzu sanyi ne, an jima zafi zai zo, bayansa gumi, bakinki ya yi ɗaci, ki ƙi jinin ƙanshin kifi." Ta ce, "Ya aka yi ka sani?" Na ce, "Haba Fay, ai wannan fagen nawa ne." A nan kam ba mai kayar da ni. Na san lokacin bargo, na san lokacin jiƙaƙƙen tsumma, har inda ake matsa shi na sani. Da ƙafata na je na kira Madam Sanya, ba a ɓoye kowa a bayan rumbu ba. Ina yi mata ba'a, amma tsoro nake ji sosai, don na ga Dokta yana zuwa safe da yamma ba ya tsokanar kowa. Da ta farfaɗo ta dube ni ta ce, "Abin da kake sha ke nan duk shekara, kuma ka tashi ka tafi gona?" Na ce e. Ta ce, "Ashe kai ma ba laifi." Tunda na yi aure ban samu yabon da ya kai wannan ba, ina nan riƙe da shi.

Sai dai zazzaɓin ya yi ɓarna. Dole aka dakatar da maganin gaɓoɓi har ta murmure, sojoji suka farka suka koma aikinsu na banza. Da aka ci gaba, lokaci ya ƙure. Aka cire gyaɗa, Dibor ta iso, haihuwa yau ko gobe, yatsun Tening kuwa suna buɗewa, suna rufewa rabi, ba ƙarfi.

Dibor ta haihu da hantsi, namiji, ƙato, mai ihu irin na gidanmu. Cibiya ta faɗi. Safiyar tausa ɗakin ya cika da mata, kowace ta zo ganin ranar da Tening ta daɗe tana roƙo. Ni ina tsakar gida ina gyaran igiyar doki da ba abin da ya same ta, kunnena na ɗaki. Na ji ta fara waƙarta ta hanci. Sai waƙar ta yanke, Dibor ta ce "Inna!" da ƙarfi. Daga baya na ji abin da ya faru. Ta shafa mai, ta kama ƙafafu za ta ɗaga, yaro ya zame daga yatsunta ya koma kan cinyarta. Bai ji ciwo ba, tazarar ba ta kai taƙi guda ba. Amma kowa ta gani.

Na ji matar Mbanyik tana cewa, "Kawo in yi miki, Tening, ai na sha gani." Na ji Tening ta ce, "Man ne ya yi yawa, ku kuma kun tare mini haske, kun cika ɗaki da numfashi. Ku fita duka, ku je ku duba tukunya." Suka fito sumui-sumui suka nufi wajen murhu. Sai na ji, "Juf! Zo ka gyara mini tagar nan."

Na shiga. Tana zaune ƙafafu a miƙe, yaro a cinya, ba hawaye a fuskarta. Dibor na kuka a kan gado. Tening ta rage murya ta ce, "Rufe ƙofa. Wanke hannunka, ka zauna nan gabana."

"Ni? Fay, kin taɓa ganin namiji ya yi tausa a garin nan? Ga mata cike da gida."

"Kowacce a cikinsu gani take ta iya, ba za ta ji maganata ba. Ni hannun da bai san komai ba nake so, mai yin abin da aka ce."

"Zan karya shi."

"Kai? Wa ka taɓa karyawa?"

Dibor ta yi dariya cikin kuka ta ce, "Baba, don Allah."

Na zauna. Na lakato mai. Tening ta ɗora tafukanta a bayan hannuwana, karkatattun yatsun nan a kan nawa, ta tura. Inda ta danna in danna, inda ta sassauta in sassauta. "Kai tukuna. A hankali, ba kwakwa ba ce. Bi wuya. Ja. Ja mana, ba zai tsinke ba." Yaro na tsala ihu, zufa na zubo mini, ta gaske wannan karon, ta hammata biyu. Da muka zo ɗagawa ta ce, "Riƙe da kyau," ta zagaye wuyan hannuna da nata, muka ɗaga shi tare kai a ƙasa. Sai na ji ta ci gaba da waƙarta daga inda ta yanke. Da muka sauke shi ya yi ajiyar zuciya ya yi barci a tafin hannuna. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na goge ido da hannu, mai ya shiga, na ƙara wani.

Na fito hannuwa a aljihu, na ce wa mata taga ta gyaru. Jim kaɗan Tening ta buɗe ƙofa da yaro a kafaɗa, yana sheƙi yana barci. Mata suka taso. Matar Mbanyik ta ce, "Ya yiwu?" Tening ta ce, "Me zai hana? Hannuna ne fa." Aka ɗauki guɗa. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa hannun Tening ya dawo, ta tausa jikanta, Allah ya karɓi addu'arta.

Haka muka yi kowace safiya har Dibor ta gama jego ta koma Kawlak, kuma ba a taɓa yin taga mai yawan lalacewa irin ta ɗakin nan ba. Tening ba ta ƙara karɓar tausar kowa ba. Ta ce ciniki ta yi da Allah, ya cika nasa, ita ma ta cika nata. Tana nan tana shan maganinta, yatsun wani lokaci su yarda, wani lokaci su ƙi.

A cikin kwanakin tausar nan ne wata la'asar na je dandali, maza sun cika ana shan shayi. Mbanyik ya shaƙi iska ya ce, "Zaki, ƙanshin man kaɗanya kake yi sai ka ce mai jego." Na ce ƙafata ke ciwo. Ya ce, "Kai, amma matarka jaruma ce. Da waɗannan yatsun ta ɗaga ƙaton yaron nan? Ni fa har yanzu mamaki nake." Duk suka juyo suna dubana.

Magana ta taso mini har maƙogwaro. Abu ɗaya tak a rayuwata da na yi da gaske, da hannuna, ga kuma dandali cike. Ni Latir Juf, da ko ƙwai kazata ta saka sai gari ya ji. Ku ma don ba 'yan Mbelan ba ne shi ya sa kuka ji, in kun zo garin ban ce komai ba. Na ƙara tura hannuwana cikin aljihu na ce, "Ita ta ɗaga shi. Ina wajen taga, da idona na gani."